Juma'ar da Hajja ta lulluɓe laftof

Ko na manta da komai na zamanmu a Umdurman, akwai wata Juma'a da ba za ta fita daga raina ba. Lokacin 'yata ta fari tana da wata bakwai. Ranar na kusa zuba ido hanyar abincinmu ta ƙone, ba don komai ba sai don kunya.

Mijina bidiyon biki yake haɗawa. Masu ɗauka su kawo masa, shi ya yanka, ya jera, ya sa kiɗa. Da wata laftof baƙa mai nauyi yake aikin, irin ta masu wasan gem, wadda ya saya ta hannu a kasuwar Suk al-Arabi. Ba mu da shago, ba mu da gona, ita ke nan. Ni karatuna bai wuce aji huɗu ba, amma ina lura da abubuwa, kuma tun da na haihu komai tsoro yake ba ni. Cikin barci ma nakan kai yatsa hancin yarinya in ji ko tana numfashi.

A makon nan ya ce zai ƙara wa laftof ɗin gudu. Wai a cikinta akwai abin da suke kira kartin shasha, shi ke zana hoto, kuma ana iya matsa masa ya ƙara sauri. Na ce, "Idan ya mutu fa?" Ya ce shi ya sa ba a yi da gaggawa. Na zauna ina kallo. Zai ƙara ɗan kaɗan, ya kunna wani hoto mai juyawa wanda ke wahalar da ita, ya tsaya ya gani ko za ta jure, sannan ya sake ƙarawa. Ya nuna mini wani layi ya ce na ƙarfin wuta ne, shi ba ya taɓa shi ko da wasa. Ya kife finjalan kofi huɗu a kan tebur ya ɗora ta a kai, don ta ƙasa take shan iska.

Ranar Juma'a ya ce saura gwaji na ƙarshe, mai tsawo. Sai ga lokacin masallaci ya yi. Ya kira ni ya nuna mini lamba a kusurwar allon. "Wannan zafinta ne. Yanzu saba'in da takwas. In ya haura tamanin da biyar, ko kika ga ɗige-ɗige masu launi, danna nan, sannan nan. Kin gane?" Na maimaita masa sau uku har ya yi dariya. Ya fita, na ji tashin raksha, babur ɗin haya mai ƙafa uku.

Bai fi minti goma ba sai ga surukata, mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Hajja. Ta zo da labarin cewa mata uku na unguwa na tafe shan jabana, kofin da ake dafawa da citta. Ta duba finjalai ta ga huɗu sun ɓata. Da ta hango su a kife ƙarƙashin laftof sai ta tafa hannu.

"Ya bitti, 'yata, wannan wane irin sakaci ne? Abu mai tsada a kan finjali, a fili, ga baƙi na zuwa? Ido fa gaskiya ne."

Ta ɗauke ta da hannu biyu kamar jariri, ta shimfiɗa ta a tsakiyar katifa, ta yaye sabon tob ɗinta, babban mayafin nan na matan Sudan, ta lulluɓe ta ruf, har da soke gefe-gefe. Haka muke yi. Talabijin, keken ɗinki, akwatin amarya, duk abin da muke ƙauna sai mun rufe shi.

Shekara biyu ina gidan ban taɓa ce wa Hajja a'a ba. Ko sunan ɗanta ba na faɗa a gabanta.

Matan suka iso. Ina soya kofi a gawayi, kunnena na ɗaki. Fankar laftof ɗin da na sani tana huci a hankali ta koma ƙara, kamar raksha na hawan gada. Na zuba citta sau biyu ban sani ba. Yarinya na bayana tana kuka, gumi na bin wuyana, ina ta lissafi a zuci: yanzu tamanin da nawa? In na yaye tob ɗin na kunyata Hajja a gaban ƙawayenta. In na bari, gobe me zai yi aiki da shi? Ɗaya daga cikin matan ta ce, "Amarya, kofinki ya ƙone." Suka yi dariya. Ni kuwa wani wari nake ji daban, kamar roba ta kusanci wuta.

Ban san lokacin da na ajiye kaskon ba. Na durƙusa gaban Hajja. "Hajja, ki yi mini afuwa. Abin nan numfashi yake yi ta ƙasa. Mun toshe masa hanci."

Ban jira amsa ba, na ruga na fizge tob ɗin. Casa'in da huɗu. Hoton na tsalle, ga ɗige-ɗige kore a ko'ina. Ƙasanta ya ƙona mini yatsu. Na danna na farko, na danna na biyu, na ɗaga ta sama ina riƙe da ita ina kuka, ban san inda zan ajiye ba, don finjalan na gaban baƙi.

Hajja ta tsaya a ƙofa tana kallona. Na ce yau na shiga uku. Sai ta shigo, ta naɗe katifar da kanta ta jefar gefe, ya rage angarib, gadonmu na igiya, iska na ratsa shi.

"Sa ta nan," ta ce. "Mu ma in zafi ya yi, katifa muke cirewa. Me ya hana ki faɗa tun ɗazu?"

Muka tsaya mu biyar muna kallon lamba. Casa'in. Tamanin da uku. Saba'in. Duk saukar da ta yi sai wata ta ce alhamdu lillahi, kamar muna jinyar mai zazzaɓi.

Da mijina ya dawo ya ji labari, ya duba ta ya ce ba ta lalace ba. Ya ce da ta ƙara zafi wataƙila da ta kashe kanta don ta tsira, amma ba abin da ake gwadawa ba ne. Ya ce laifinsa ne, ba a kunna gwaji a tafi a bar shi. Ya rage gudun da mataki ɗaya ƙasa da inda ya kai, a nan ya bar shi har yau. Washegari Hajja ta aiko da ƙaramin angarib na zama, ta ce na laftof ne.

Abin da na koya bai tsaya kan kwamfuta ba. Na gane cewa ba duk abin da nake ƙauna ne ke son lulluɓi ba, har da 'yata, da nake naɗe ta da bargo a zafin Umdurman. Na kuma gane cewa lura ba ta da amfani in bakina a rufe yake. Har yanzu ni matsoraciya ce. Amma yanzu in na ga lamba na hawa, ko gaban wa nake, faɗa nake yi.