Adda Dudu da Filin Shanya

A watan nan Adda Dudu ta cika shekara tara da rasuwa. Ni ce ƙanwarta mai bi mata, uwa ɗaya uba ɗaya. Har yau idan wani ya tare ni a wurin biki ya fara zuba yabonta, sai in tsinci kaina ina kallon fuskarsa, ina ƙoƙarin tuna ɓangaren da ya tsaya lokacin da take raye. Ba halina ba ne tun asali, a wurinta na koya.

A Jekadafari muka tashi, mahaifinmu hakimi ne. Adda ta gama makarantar horon malamai har ta fara koyarwa, sai Baba ya kira ta ya ce manya sun zauna, sun ga ya dace a haɗa ta da Yarima Buba, ɗan wani hakimi da gidanmu ya daɗe yana rikicin iyakar gonaki da nasu. Bai tilasta mata ba, ya ce ta je ta yi shawara. Shawarar da ta yi ita ce ta tura ni Kasuwar Gombe, in zauna wajen mata masu sayar da wake da ke zuwa daga ƙasarsu, in kasa kunne. Na dawo mata da labari biyu. Yarima mutumin kirki ne amma bai iya cewa a'a ba, kuma ƙanin mahaifinsa, Baffa Sambo, shi ya ƙulla maganar, don ya ji an ce malamar akwai kunya da shiru.

Ta yi murmushi ta ce, “Indo, na san abin da suke so da ni. Su ne ba su san abin da nake so da su ba.” Washegari ta ce wa Baba ta amince.

Auren ya yi albarka fiye da yadda muka zata, sun so juna. Yarima ya gaji mahaifinsa, bayan 'yan shekaru kuma ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi ya taɓa harshensa. Ba mai gane maganarsa sai Adda. Da haka aka fara shimfiɗa mata darduma a gefen kujerarsa, ya yi gunaguni, ta faɗa wa jama'a abin da ya ce. Rabon gado, rikicin makiyayi da manomi, saki da kome, duk ta bakinta hukunci ke fitowa. Mata suka laƙaba mata Magajiya tun kafin a naɗa ta a kai.

Fadawa suka shiga raɗa: wa ya san ko abin da ya faɗa take faɗa? Ni kaina na taɓa tambayarta muna mu biyu. Ta ce, “Idan bai yarda ba ai yana iya girgiza kai. Kin taɓa ganin ya girgiza?” Ban taɓa gani ba. Amma na tuna cewa mutum ne da bai iya cewa a'a ba tun yana da lafiya.

Gari na ta faɗaɗa, kowa na neman fili. Akwai wani babban fili a ƙasarsu inda mata ke shanya tattasai da kuɓewa da sussukar wake tun zamanin kakanni. Baffa Sambo ya kawo masu saye, Adda ta ce hakimi ya ƙi. Ya sake kawo wasu, ta ce hakimi ya sake ƙi. Daga lokacin ta daina cin abincin kowa sai nawa. A gidana da ke Tudun Wada nake girkawa in kai mata da hannuna.

Wata rana aka dawo mini da kwanon a rufe, ba a taɓa ba. Na je da kaina, ta karɓe ni a gaban mutane, ta ce, “Sannu da zuwa, Hajiya A'isha.” Tun da aka haife ni ba ta taɓa kirana da wannan suna ba. Ashe an gaya mata an ga maigidana a motar Baffa Sambo. Na yi kuka, na rantse mata, ko kallona ba ta yi ba. Damina guda muka yi ba ma magana. Sai ga ta wata safiya a tsakar gidana, ta zauna a kan turmi ta ce ta bincika, rage masa hanya aka yi da gangan, aka bi da shi ta bakin kasuwa don a gan shi. “Raba mu aka so yi, Indo, kuma saura kaɗan.” Ba ta ba ni haƙuri ba. Ta dai tambaya ko akwai sauran ɗumame.

Ranar da ta rasu, daga zaman sulhu a gidan Baffa Sambo ta dawo. Waɗanda suka raka ta sun ce an kawo kunun gyaɗa, ta karɓa ta sha a gaban kowa don a shaida rigima ta ƙare. Da la'asar ta ce kanta na sarawa, ta yanke jiki ta faɗi. Likitoci sun ce jininta ne ya hau, kuma gaskiya ne tana fama da hawan jini. Ban zargi kowa ba, ba ni da hujja, Baffa Sambo ma yanzu ya riga mu gidan gaskiya. Abin da idona ya gani shi ne, mijinta ya bi ta shekara na zagayowa, kuma kafin a gama karɓar gaisuwa an katange rabin filin.

Da za ta leƙo yau, za ta ga jerin shaguna a wurin, ta ga hotonta na yawo a wayoyin mutanen da suka kira ta mai satar bakin miji. Ina jin ba yabon zai dame ta ba, tambaya za ta yi me ake nema da shi. A bana 'ya'yan Baffa Sambo suka zo gidana da goro da ladabi, suna neman izinin dangi su sa wa shagunan sunanta. Na ce, “Madalla. Ɗaya rabin fa?” Suka dubi juna.

Na yafa gyale na je na sanar da matan da ke shanya cewa ɗaya rabin ma na cikin haɗari. Ba su nemi a yi musu jagora ba. Suka baza tattasai har jikin katanga, suka ɗunguma fada, wata tsohuwa mai sayar da kuka ta tsaya gaban sabon hakimi ta yi magana da bakinta. Zuwa yanzu dai ba a taɓa rabin ba.

Adda ba ta haihu ba, ba ta bar gida ko gona da sunanta ba. Ba waliyyiya ba ce, mulki ya sa ta zargi har wadda suka sha nono ɗaya, kuma wannan tabon bai gama gogewa a zuciyata ba. Amma ta tarar da mata suna aika saƙo fada ta bakin maza, ta bar su suna shiga da ƙafarsu. Su yaran kuwa sun sake dawowa jin amsa, na ce su haƙura da sunan. Mai sunan ta ƙi a sayar da filin tun tana raye, kuma ba ni da ikon cewa ta sake shawara.

Allah Ya jiƙanki, Adda, Ya yafe mana baki ɗaya.