Kwazazzabon Bayan Gidan Baba Sylvanus

Duk Unguwar Boro babu wanda ya kai Baba Sylvanus gudun abin kunya. Katangarmu ɗaya da shi, don haka na san abin da nake faɗa. Mutumin Zonkwa ne, ya ƙarar da ƙarfinsa a masaƙar Kakuri, da ya yi ritaya ya zuba duk kuɗin sallamarsa a ginin gida. Ko fasto ne zai leƙo, sai matarsa Rebecca ta yi shara har bakin titi.

To, a bayan gidan nan akwai kwazazzabo. Da can ɗan rami ne, akuya ma tana tsallake shi. Kowace damina sai ya matso. Ya cinye masarar Rebecca, ya cinye bishiyar mangwaro, ya zo ya tsaya dab da bangon ɗakin kwanansu. Zamanin soja kuwa wa za ka kai wa kuka?

Da farar hula suka dawo muka samu kansila, Ɗanjuma. Ya tara mu a harabar coci ya ce gwamnatin tarayya tana ba da tallafin yaƙi da zaizayar ƙasa, amma masu nema da yawa, kuma ba a bayarwa sai jami'ai sun zo sun ga ɓarnar da idonsu. Bawan Allah ya yi ta zarya har aka sa mana rana, ya tafi Abuja rako su.

A duk bayanin nan kalma ɗaya ce ta shiga kunnen Baba Sylvanus: baƙi. Shi ne kuma shugaban layinmu.

"Manya su taso daga Abuja su same mu cikin ƙazanta? Allah ya kiyaye!" in ji shi.

Sai ya kira gayya, kamar yadda ake yi in bishop zai zo. Maza suka cika buhuna da yashi suka jera a ramin, aka bi da jar ƙasa aka daddaɓe. Mata suka shafe duwatsu da farar ƙasa. Tsagar da ke jikin bangonsa ma ya liƙe ta da siminti ya yi fenti. Haba! Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Jami'ai suka zo, aka ba su lemo, suka zaga. Babbansu ya tambaya ina ɓarnar take.

"Ranka ya daɗe, ai mun gyara," in ji Baba, yana murmushi.

Ɗanjuma ya dafe kai. Babban jami'in ya yaba mana ƙwarai, ya ce ina ma kowa zai yi koyi da mu. Tallafin kuma ya tafi wata unguwa da ta bar nata ramin baki buɗe.

Ruwan farko ya wanke jar ƙasar. Na biyu ya farfasa buhunan, tsagar ta dawo ta cikin sabon fenti, har hannu yana shiga. Ran nan da la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta ɗauke cak. Tsoro ya kama ni, na shiga na ce da Rebecca mu kwashe kayansu zuwa ɗakina. Muna ɗaukar katifa Baba ya tare ƙofa, ya dube ni.

"Maman Edith, don Allah ku bi ta bayan gida, kada mutane su gani."

Na ce, "Baba, wane bayan gida?"