Gonar da Baba ya noma a jikin bango

Jiya na tarar da autana yana zane da gawayi a bangon da na sha wahalar shafewa. Na ɗaga hannu zan make shi, sai hannun ya ƙi sauka. Bari in gaya maka dalili.

Ina ƙaramar yarinya aka kai Baba gidan kaso a Dogon Dutsi. Rigimar iyakar gona ce, ya yi zuciya ya karya hannun maƙwabcinmu. Ba zan wanke shi ba, Baba akwai saurin fushi, kuma ni ma ban bar masa shi duka ba. Duk ranar kasuwa ni da Kaka mukan hau amalanke daga ƙauyenmu kusa da Matankari mu kai masa fura. Kunya kamar ta kashe ni, nakan ja mayafi har hanci kada wani ya gane ni.

Da ruwan shuka ya sauka, shuka ta fito, Baba ya ce mu riƙa zuwa masa da gawayi da jar ƙasa da ɗanyen ganyen wake. Kaka ta dube shi ta ce, "Kai, wanga wuri ya taɓa maka kai?" Dariya kawai ya yi, ya juyo gare ni. "Ɗiyata, hatsi ya kai ina?" Na duƙa na nuna masa idon sawuna.

Ashe akwai wani tsoho a ɗakinsu, manomi daga can wajen Dogon Kiriya, wanda ba mai zuwa duba shi saboda nisa. Tun da ya ji ƙamshin ruwan farko ya juya fuska bango ya daina cin abinci. Bai taɓa ganin damina ta same shi ba ya gona ba. An lallashe shi, gardi mai tsaronsu ya yi faɗa, duk a banza. Kowa ya san in aka ci gaba haka, gawarsa za a fitar.

To, bangon nan da tsohon yake kallo, shi Baba ya mayar gona. Ya shafa jar ƙasa, ya ja layukan shuka da gawayi, ya murza ganye ya fid da tsiro. Amma da gangan ya cunkusa tsiro a kowane rami, yadda ba manomin kirki da zai bari. Tsohon ya yi ta kallon bangon, har abin ya fi ƙarfinsa ya tanka.

"Wane raggo na ya bar shuka haka, ba a rage ta ba?"

Ya yunƙura zai goge da yatsa, ƙafa ta ƙi ɗaukarsa. Baba ya tura masa ƙwaryar furarmu ya ce, "Baba tsoho, sha tukuna. Ba a shiga gona da yunwa." Ya sha, yana sha yana mita.

Daga nan ni na zama ma'aunin gonar. Duk zuwa in nuna: gwiwa, ƙugu, kafaɗa. Baba ya ƙara wa hatsin tsawo daidai da haka, tsohon na zaune yana gyara masa kuskure. Da ruwa ya ɗauke aka yi fari, Baba bai ɓoye ba, ya nannaɗe ganyen, ɗakin duka suka duƙufa roƙon ruwa. Ranar da na miƙa hannu sama ban kai ba, gardi ya bar ni na leƙa ta taga. Wallahi ban taɓa ganin gona mai kyau irin ta ba. Manyan maza zaune gabanta suna gardamar yaushe za a yi girbi, tsohon ya fi kowa ɗaga murya. A hanyar komawa na sauke mayafina.

Bayan an sake su, wata kaka bayan girbi tsohon ya zo ƙofar gidanmu da damin hatsi a kan jaki. Ya sauke ya ce wa Baba, "Ga rabonka. Tare munka noma."

Yau Baba ba ya duniya, an ce bangon ma an shafe shi da siminti tuni. Yara yanzu a waya suke ganin hotuna, kaɗan ne suka san lokacin rage shuka. Amma duk wanda ya ce mini ubana ya taɓa zaman kaso, nakan ce ƙwarai, har gona ya yi a can. Shi ya sa jiya na sauke hannuna, na shiga madafa na zaɓo wa yaron gawayin da ya fi baƙi.