Zanen da na yi wa mai takaba

Shekarata ashirin da bakwai a lokacin. Na yi karatun zane, amma abin da nake ci da shi bai wuce rubuta allunan shagunan aski da na masu ɗinki a unguwar Durumi ba. Ina zaune a ɗaki guda cikin gidan haya. Maƙwabciyata, wadda nake kira Yaya, matar wani direba ce mai 'ya'ya biyu. Ita ta riƙe ni kamar ciki ɗaya muka fito. In ta dafa sai ta zuba min, in zazzaɓi ya kwantar da ni ita ke raka ni kemis.

Sai na ci wata gasa ta masu zane. Kyautar ita ce zaman wata uku a wani gida a Garki, ɗaki da abinci da fenti duk kyauta, ba aikin komai sai zane, a ƙarshe kuma a baje abin da kowa ya yi a gaban manyan mutane. Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba. Amma wata guda ya wuce ban yi abin kirki ba. Na zana kasuwa, na zana masu tallan rake. Shugabar gidan, wadda muke kira Madam, ta duba ta taɓe baki, ta ce irin wannan a kowane bakin titi ana sayarwa. Ta ce abin da zai taɓa zuciya take so, in ba haka ba bangon da aka ware min wani za a ba.

Ana cikin haka mijin Yaya ya rasu a hatsarin mota a hanyar Orozo, ta shiga takaba. Duk Asabar nakan je in taya ta zama. A gabana ba ta ɓoye komai. Takan cire ɗankwali saboda zafi, kai ba kitso, ido ba kwalli, ta zauna kan tabarma riƙe da hular mijin tana zubar da hawaye. Ni kuwa, Allah ya yafe min, abin da idona ya gano shi ne yadda hasken taga ke sauka a kafaɗarta. Na riƙa zana ta a ɗan littafina, ita tana zaton wasa nake da fensir don kada in yi kuka. Ban nemi izininta ba, domin na san amsar da za ta ba ni.

Daga littafin nan na fitar da babban zanenta, na rataye a bangona. Ranar baje koli Madam ta rungume ni a gaban jama'a. Aka tafa min, aka yi ta ɗaukar hoto, wani Bature ya sayi zanen tun kafin a tashi. Na yaudari kaina da cewa ba mutumin Durumi da zai taka wannan wurin. Kwana uku kacal, hoton ya zagaye wayoyin mutane. Kuma wallahi na iya aikin, har ɗan tabon goshinta na fitar, duk wanda ya taɓa ganinta sai ya gane ta.

Dama wan mijin, wani babban ma'aikacin gwamnati, tun ranar sadakar bakwai yake so ya ɗauke yaran, dattawan dangi suka hana shi. Yanzu ya samu hujja, kuma ni na miƙa masa. Ya ce macen da za ta zauna kai a buɗe cikin takaba ana zana ta duniya na kallo, ba ta isa ta riƙe 'ya'yan ƙaninsa ba. Yaya ta rantse ba ta sani ba, ba wanda ya yarda. Na je da ƙafata na ce laifina ne ni kaɗai, ya ce ai wannan ya fi muni, tunda ga irin mutanen da take shigowa da su ɗaki a gaban yara. Na roƙi Madam ta cire hoton daga shafinsu na intanet, ta tuna min cewa na sa hannu a takardar da ta ba su wannan dama, zanen kuma ya riga ya bar ƙasar. Kafin Yaya ta fita takaba an tafi da yaran can garin dangin mijin.

Da na je wurinta ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni da na ji sauƙi. Ta ce ta yafe saboda Allah. Sannan ta tambaye ni, duk Asabar ɗin nan da nake zuwa, ita nake zuwa gani ko aikina. Bayan wata ɗaya ta bar gidan, ba ta yi min sallama ba.

Yau ana gayyata ta wurare, kuma duk inda na je zancen wannan zanen ake min, ni kuwa na tsane shi. Ga 'yan'uwana masu zane da ke cike takardun neman irin wannan kyauta, ku ji ni. Masu ba da ita za su nemi abin da ke taɓa zuciya, amma ba za su tambaye ku zuciyar wa kuka fasa kafin ku kawo ba. Ku nemi izini, in kun ji kuna tsoron tambaya to kun riga kun san bai halatta ba. Ni na samu suna, Yaya kuwa sau ɗaya take ganin 'ya'yanta a shekara.