Hadarin da Ake Kwashe wa Shanya

Ni malamar Turanci ce a wata sakandare a Lafiya. Duk shekara sai na zana wa yara tsani a allo don in nuna musu yadda Bature ke auna shakka. "Unlikely" a matakin ƙasa, "possible" a samansa, sai "likely", sai "very likely" dab da ƙololuwa. Su haddace, su ci jarrabawa, su manta. Ranar da na fi bukatar tsanin nan kuwa a asibitin ido ne, ɗalibar kuma Iya ce, mahaifiyata, wadda ba ta taɓa zama a aji ba kuma ba ta da niyya.

Iya gumin shinkafa take yi tun kafin a haife ni. Ta sayo shanshera, wato shinkafa da ɓawonta, wajen manoman Kwandere, ta jiƙa, ta turara a rabin duro, ta baza a tamfol ta sha rana kafin a kai inji. Rabin sana'ar wuta ne, rabi kallon sama, domin in ruwa ya daki shanya to wahalar ta tashi a banza. Duk unguwarmu da idon Iya ake kwashe shanya. In aka ji ta ce "ku kwashe", har maƙwabta sai su fito da tsintsiya.

Sai yanar ido ta rufe mata gani. Na dama ya yi fari fat, na hagu dishi-dishi. Matar da ake tambaya ta koma tana tambayar mutane, "Yaya gabas?" Ba ta taɓa kuka a gabanmu ba, amma na san abin yana cin ta, ni ma yana ci na. Ga tsoro kuma. Wata ƙawarta ta taɓa ba wani mai yawon maganin ido idonta, ya soka mata allura, ɗan ganin da ya rage ma ya tafi.

Da ƙyar na ja ta asibiti. Likitar matashiya ce 'yar kudu, Hausarta ta gaisuwa ce da cinikin doya, don haka ni ce tafinta. Ta duba ta duba, sannan ta yi min bayani dalla-dalla. In aka yi aikin, "very likely" ne Iya ta gani sosai. "Possible" ne a tarar da wata matsalar a bayan idon, wadda ba a iya gani sai an cire yanar. Idon ya ƙara lalacewa kuwa, wannan "unlikely" ne. Ni dai raina ya yi fari, don na san a wane mataki kowace kalma take zaune.

"Malama, me ta ce?" in ji Iya. Haka take kirana, don ni ce 'yar fari, ba ta faɗar sunana.

"Ta ce watakila ki gani, Iya."

"Sai kuma me?"

"Ta ce watakila kuma akwai wata matsalar a bayan idon."

Iya ta miƙe, ta gyara mayafi, ta yi wa likita godiya mai kyau, ta laluba ƙofa.

Dole in bayyana abin da "watakila" take nufi a gidanmu. Manyanmu ba sa cewa a'a, rashin ta ido ne a wurinsu. Baba, Allah ya jiƙansa, in ka roƙe shi takalmin Sallah ya ce "watakila", to je ka wanke tsohon. Iya ma in aka zo aron duronta ba ta son bayarwa, sai ta ce "watakila jibi", mai aron kuma ta gane, a rabu da mutunci. Saboda haka abin da kunnen Iya ya ji a asibiti shi ne an hana ta cikin ladabi.

"Yarinyar nan tana da tarbiyya," ta ce da muka isa gida. "Ba ta son ta ce min babu."

Kai, ranar na sha takaici! Na juya maganar ta kowace fuska. Na ce da alama. Na ce mai yiwuwa ne ƙwarai. Na ce kusan tabbas. Iya ta ce duk 'yan gida ɗaya ne, zani kawai suka sauya.

"Ko dai zan gani ko ba zan gani ba. In ta sani ta faɗa. In ba ta sani ba ta bar min ɗan abin da ya rage."

"Haba Iya! Likita ai ba Allah ba ce!"

"To ni me na ce?"

Ina da saurin fushi, kowa ya sani, kuma a nononta na sha. Muka yi kwanaki muna gaisuwa a taƙaice, kowa na cika yana batsewa.

Wata Asabar da la'asar, cikin damina, shinkafa na baje a tsakar gida, ina zaune ina tsinkar alayyafo. Iya ta ɗaga hanci sama.

"Malama, yaya gabas?"

"Watakila a yi ruwa," na ce, da gangan, don in tsokane ta.

"Ke, tafi can da watakilarki! Wane iri ne?"

"Hadari ai hadari ne."

"Ji sakarci, wai a haka ake ba ki 'ya'yan mutane." Ta gyara zama. Ta ce akwai fari mai yawo, wannan ko tashi ba ka yi. Akwai mai haɗuwa ta kudu yana ta rugugi, yawanci cika baki ne, sai dai ka ajiye buhu kusa kana leƙawa. Akwai kuma wanda ke tasowa daga gabas baƙi ƙirin, da iska mai sanyi a gabansa. Wannan ba a shawara, kwashewa ake yi.

"Shi kullum sai ya zubo?" na tambaya.

"Ina! Wani lokacin ya tsallake mu ya je ya zuba a Shabu. Amma wace wawuya ce za ta zauna tana jiran ya yi mata rantsuwa?"

Wallahi sai da alayyafon ya zube daga cinyata.

"Iya, ai shi likita ta faɗa! Ganinki shi ne hadarin gabas. Matsalar bayan ido mai rugugin kudu ce. Lalacewar kuwa farin nan ne mai yawo."

Ta juyo da fuskarta wajena. Na san in ta ƙi wannan ba ni da saura.

"Wanda ake kwashe wa shanya?"

"Shi."

"Ba ke kika ƙara gishiri ba?"

"Mu koma ki ji daga bakinta."

Muka koma. Na zayyana wa likita nau'o'in hadarin Iya da Turanci, tana saurare tana murmushi. Da na gama sai ta riƙo hannun Iya, ta tattaro duk Hausarta ta ce, "Mama, kwashe shinkafa." Iya ta yi dariya har da tafa cinya, ta ce a sa rana.

Aikin bai daɗe ba, zaman jira a benci ne ya kusa kashe ni. Washegari aka ɓare filastar. Iya ta ƙifta, hawaye na zuba, ta ƙura min ido.

"Yaushe kika yi furfura haka?" ta ce.

Na fashe da kuka a gaban mutane, ban ji kunyar kowa ba.

Aka hana ta hayaƙi da sunkuyo na ɗan lokaci, aka ba ta baƙin tabarau da ta ce ya mayar da ita kamar ɗan okada. Matar ƙanena ta karɓi gumin, Iya na daga kujera tana ba da umarni, tana gano tsakuwar da mu masu ido biyu muka tsallake.

Har yau ina zana tsanin nan a aji, sai dai yanzu kowane mataki da hadarinsa a gefe, kuma yaran da iyayensu ke shanyar rogo da agushi sun fi saurin kamawa.

Kafin daminar da aka yi aikin ta fita, wata rana da yamma, Iya ta miƙe tsaye a tsakar gida, ta zare tabarau, ta dubi gabas.

"Ku kwashe!"

Muka zabura. Maƙwabta suka fito da tsintsiya da buhuna kamar da. Muka yi jigila, muka haɗa gumi, muka shigar da komai ɗaki. Iska ta kaɗa ta kaɗa, hadarin ya bi ta kanmu ya wuce, ko ɗigo bai sauka ba.

"To Iya," na ce ina haki, "ga shi kin sa mu aikin banza. Yana can yana zuba a Shabu."

Ko kallona ba ta yi ba. Tana tsaye tana bin sa da ido, fuskarta cike da fara'a.

"Ya je ya zuba inda ya ga dama," ta ce. "Ni dai na gan shi tun yana tasowa, kuma ban tambayi kowa ba."