Mai Kiwo da Farantai Huɗu

Mai Kiwo muke ce mata a wurin aiki, ko da yake ko kaza ba ta taɓa ajiyewa ba. Shekara tara muna zama benci ɗaya da ita a ɗakin binciken cututtukan zuciya, ni dai Yaya nake kiran ta. Abin da take kiwo ƙwayoyin halitta ne na tushe, waɗanda ba su riga sun zama komai ba, za a iya lallaɓa su su zama tsoka ko jijiya ko zuciya. A ƙananan farantan roba suke zaune cikin akwatin ɗumi, kuma kullum sai an sauya musu ruwan abincinsu mai ruwan hoda. Ba ruwansu da Asabar ko Lahadi. Bikin ƙanwarta ma a tsakiya ta sulale ta zo ta ba su abinci.

Ba ta yi dogon karatu ba. Da wankin kwalabe ta fara, amma hannunta ya fi na masu digiri albarka. Mijinta tela ne, mai yawan barkwanci, yakan ce mata, "Ke dai ki gaishe min da 'ya'yan naki marasa gaisuwa." Ba su samu haihuwa ba.

Da ciwon zuciya ya kama shi, yana cikin mutum huɗu da suka ba da jini don bincike. A ƙa'ida lamba kawai ake manna wa jini, mu ma'aikata ba a yarda mu san na wane ne ba. Amma ita ta raka shi, kuma idonta ya faɗa kan lambar: sha bakwai. Ni kaɗai ta gaya wa.

Mayar da jini ƙwayoyin tushe aiki ne na watanni, shi kuwa bai jira ba. Tana gida tana karɓar gaisuwa, ni nake ciyar da farantan. Da ta dawo, na nuna mata ɗan abin da muka gwada mayarwa tsokar zuciya daga lamba sha bakwai. Ta sa ido a madubin ƙara girma, ta ga ƙwayoyin suna bugawa a hankali. Ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Ka ga mutumin," ta ce, "can ya gaza, nan kuma yana ta aiki."

Masu bugawar ba sa daɗewa, gwajin magani ya cinye su. Abin da ya rage shi ne irin, wato ƙwayoyin tushen, faranti ɗaya na kowane mutum, ana shirin daskarar da su a ajiye mako mai zuwa. Shi ke nan abin da ya saura na mijinta mai rai a duniya.

Ranar da ta juye su cikin sababbin farantai, sai ta bar makar ofis, alƙalamin lamba da rubutunsa ba ya gogewa, ta zaro wata daga aljihu, wadda marigayin yake rubuta awon mutane da ita. Na gani, ban hana ta ba, don na ɗauka ai maka maka ce. Har yau ina jin haushin kaina. Ta rubuta lambobin, ta fesa sifirit kamar yadda aka saba kafin a mayar da komai akwati. Rubutun ya narke ya gangara. Farantai huɗu iri ɗaya, kuma ta riga ta jujjuya su wajen fesawa.

Farfesa, shugaban ɗakinmu, ba mugu ba ne, sauri ne ya yi masa yawa. Ya leƙo da farar rigarsa a kafaɗa, ya duba sau ɗaya.

"Abin da ba lamba shara ne, kun sani. Kada ki damu, hannu yakan kuskure. A kira masu jinin su huɗun su sake bayarwa."

Na buɗe baki, ta taka min ƙafa. In ta faɗi na wane ne, ta tona cewa ta karya ƙa'ida tun farko.

"Yaya, kawo, ni in zubar," na ce bayan ya fita.

"Bar shi. Ni na ciyar da su."

Ta sa safar hannu, ta ɗauko bilic, ruwan kashe ƙwayoyi. Kafin ta zuba, sai ta ɗora kowane faranti a madubi ta dube shi, ko za ta gane. Ba ta gane ba. Ruwan hodar ya koma fari, ɗaya bayan ɗaya. Tausayinta ya hana ni kallon na ƙarshe.

Bayan azahar muna zaune, sai muka ji akawun asibiti a ofishin da ke jikin namu tana bin jerin masu jinin da waya. Ta gama da na farko, ta gama da na biyu. Can sai wata tsohuwar waya ta fara ruri a cikin jakar Yaya, a ƙarƙashin benci. Wayar marigayin ce, ashe har yanzu tana yi mata caji. Ta zauna da hannuwa a kan cinya har kiran ya katse, akawu ta sake kira.