Dakta Bahauddeen da Ƙafar Hammadu

Duk wanda ya yi karatun likitanci a hannun Dakta Bahauddeen a Azare zai gaya maka abu biyu: ba ya faɗa, ba ya kuma barin mutum ya sarara. Ɗan Katagum ne. Ubansa masunci, uwarsa Bafillatana daga wata ruga a bakin kogi, ita ta bar masa Fillanci da doguwar fuska. A ɗakin tiyata ya fara aiki, hannunsa kuma na da kyau, amma da girma ya fara kama shi sai ya koma koyarwa. Bai kuma zaɓi yanka da ɗinki ba, sai darasin da kowa ke gudu: yadda likita zai yi magana da majinyaci, da abin da ya halatta ya yi masa da wanda bai halatta ba.

Ɗalibai sun raɗa wa darasin suna wa'azin Malam. Bayan la'asar ake sa shi, lokacin da hankali ya riga ya tafi gida ya bar gangar jiki a kan benci. Shekara da shekaru yana nanata magana ɗaya: ka zauna kafin ka buɗe baki, ka faɗi cutar da harshen da mai ita ke ji, kada ka taɓa jikin mutum sai ya san abin da za ka yi masa. Su rubuta, su ci jarrabawa, su fito su tsaya a kan majinyaci suna zuba masa Turanci kamar ba a taɓa gaya musu komai ba. Abokan karatunsa sun gina asibitocinsu a Kano da Abuja, shi kuwa yana nan da tsohuwar motarsa da ciwon baya. Ya gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta.

Ana saura 'yan watanni ya yi ritaya aka kawo Hammadu, wani dattijon makiyayi daga wajen Gamawa. Ciwon suga ya ci ƙafarsa ta dama, ta ruɓe har sama da idon sawu. In ba a yanke ta ba, ran ne zai tafi. Dakta Murja ce ke kula da shi, wadda Bahauddeen ke alfahari da ita fiye da duk wanda ya taɓa koyarwa. Da safe yana zagayen ɗakin majinyata ta ce masa an gama bayani, tsoho ya amince, an jima za a shiga da shi tiyata.

"Wa ya yi miki tafinta?" in ji Bahauddeen, don ya ji tsohon ba ya jin Hausa sosai.

"Ɗansa, Malam. Ga shi can, Bubayero."

Bahauddeen ya duba. Magidanci ne mai furfura a gemu, ya tsuguna can nesa da gadon, ya juya wa uban gefe, idonsa a ƙasa. Bahauddeen ya san wannan zaman tun yana yaro a rugar kawunnansa. Mutumin nan ɗan fari ne. Uban ba ya kiran sunansa, shi kuma ba ya haɗa ido da uban. Ina irin wannan ɗa zai iya duban mahaifinsa ya ce za a guntule maka ƙafa?

Ya sa aka fita da kowa. Ya jawo kujera da ƙyar, bayansa na ƙara, ya zauna. Suka gaisa da Fillanci, ya tambayi shanu, ya tambayi damina, sannan ya ce, "Baffa, me aka ce za a yi maka yau?"

"Za a wanke ciwon," in ji Hammadu.

Wallahi a ransa Bahauddeen ya so ya tashi ya tafi abinsa. Da ya yi haka, zuwa azahar an gama, tsoho ya farka ya yi fushinsa, ya kuma rayu. Ba wanda zai tuhume shi. Amma bai tashi ba. Ya gaya masa komai a hankali: inda za a yanke, da abin da zai faru in an ƙi, da cewa akwai ƙafar roba, akwai masu ita da ke noma har da hawan babur.

Hammadu ya daɗe yana kallon ƙafar. Sannan ya ce, "Da ita na bi shanu tun ban san ciwon kaina ba. Da ita zan koma ga Mai ita. Na gode da ka gaya mini, ɗana. A mai da ni gida."

Babu irin lallashin da Bahauddeen bai yi ba. Ya dawo da rana, ya dawo washegari, ya kawo wani mai ƙafar roba suka zanta. Tsoho yana murmushi, yana godiya, yana kan bakansa. Ranar da aka sa shi a mota Murja ta tare malaminta a baranda, idonta ya kaɗa ya yi ja.

"Malam, da ka yi shiru da ya rayu."

"Haka ne," in ji shi.

Ta jira ya ƙara wani abu, irin wanda ya saba faɗa a aji. Bai ƙara ba, don duk kalmomin nan sun yi masa nauyi a baki.

Kafin a gama girbin gero labari ya zo Hammadu ya rasu. Bahauddeen ya tuƙa motarsa har rugar. Aka shimfiɗa masa tabarma, aka yi addu'a, aka shafa. Da mutane suka ragu sai ya matsa kusa da Bubayero, yana so ya sauke masa nauyi.

"Kada ka zargi kanka," in ji shi. "Na san kunya ce ta hana ka gaya masa. Laifinmu ne da muka ɗora maka."

Bubayero ya ɗago. Wannan karon ya dube shi ido cikin ido.

"Likita, ba kunya ba ce kaɗai. Na san Baffa. Na san in ya ji zai ƙi. Shi ya sa na ɓoye. Na kusa samunsa da rai, ka zo ka karɓe mini shi."

Bahauddeen ya buɗe baki. Har yau yana ganin daidai ya yi, gobe ma in aka sake haka zai yi. Amma a duk abin da ya kwashe rayuwarsa yana koyarwa, bai sami kalma ɗaya da zai ba mutumin nan ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya ji ƙansa."

Bubayero bai ce amin ba.